Ku Tambaya Mu Amsa: Manhaja ta cije, ta ina zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta wa wani kantin magani a nan Tawa manhajar lissafin kaya da Python, harshen rubuta manhaja. In ta cije sai ta ce "An samu matsala" kurum, mai kanti ya kira ni, ni kuma in rasa ta inda zan kama. Ina mafita? Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da alama ka tare kuskuren da except, umarnin Python na cafke kuskure, ka buga naka saƙon, ka zubar da sawunsa. Sawun kuskure, wanda Python ke farawa da kalmar Traceback, jerin ayyukan da suka kira juna ne har inda abin ya karye, kowane da sunan fayil da lambar layi. Daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe shi ne irin kuskuren, misali KeyError, na bisansa kuma wurin da ya auku. In wurin ya faɗa cikin aikin wasu da ka aro, yi ta hawa har ka iske fayil naka, galibi nan ɓarnar take.

Cikin except ɗin sa logging.exception, ita ke rubuta saƙonka haɗe da sawun gaba ɗaya. Haɗa ta da RotatingFileHandler, mai zuba bayanin cikin fayil ya buɗe sabo in ya cika, megabait 1 kowane fayil, a ajiye 5, don kada ya cinye wurin ajiya. In za ka sake jefa wani kuskure daga ciki, ƙara "from e" (e shi ne sunan da ka ba kuskuren farko) don a ga asalin dalilin.

Amma kada ka zuba wannan tarkacen gaban mai sayar da magani, tsorata shi kawai zai yi. A allo, gajeren saƙo da lokacin da abin ya faru sun isa. Fayil ɗin ya turo maka ta WhatsApp. Sunan majiyyaci da kalmar sirri kuwa, kada su shiga ciki ko kusa.

Tambaya: Manhajata ta Android, sawun da ke zuwa daga wayoyin mutane a.b.c kawai yake nunawa. Daga mai karatu a Yamai.

Amsa: Aikin R8 ne, kayan aikin da ke matse manhajar Android lokacin haɗa ta, shi ke gajarta sunaye. Duk fitowar da ka haɗa tana da nata mapping.txt, fayil ɗin da ke haɗa gajerun sunaye da na asali, kuma sabo na shafe tsoho, saboda haka ka riƙa adana kowane da lambar fitowarsa. Ɗora shi a Play Console, shafin Google na masu ɗora manhaja, ko ka bi da sawun ta retrace, kayan aikin maido da sunaye, sunayen za su dawo.