Tambaya da Amsa: Kantar Kayan Sauti da Ƙafafun Hana Girgiza

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kanta mai hawa huɗu wadda kafinta ya yi mini domin littattafai, yanzu kuma na jera kayan sauti a kanta: amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), da na'urar faifan garmaho da na gada daga mahaifina, da lasifika biyu a hawan sama. Duk lokacin da na ƙara murya sai kantar ta ɗauki rawa, allura ta yi tsalle, wani gurnani kuma ya riƙa fitowa daga lasifika. An ce mini in sa wa kantar ƙafafun roba masu hana girgiza. Shin za su yi magani, kuma wane iri zan nema? Daga wani mai karatu, Runjin Sambo, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙafafun za su taimaka, amma kada ka kashe ko sisi kafin ka sauke lasifikan nan daga kantar. Lasifika ita ce tushen girgizar, kuma muddin tana zaune a katako ɗaya da garmaho, robar da ke can ƙasan kanta ba ta shiga tsakaninsu ba. Abin da ke faruwa shi ne, amon ganga yana jijjiga katako, allura ta ɗauki wannan jijjigar tamkar sauti ce daga faifai, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta sake fitar da ita, haka abin zai yi ta zagayawa har ya zama gurnanin da kake ji. A ajiye kowace lasifika a kan mazauninta daban, nesa kaɗan da kantar.

Bayan haka sai a duba kantar kanta. Yawancin gidajen Sakkwato daɓen siminti ne ko tayil, wanda ba ya lanƙwasa idan an taka shi kamar daɓen katako na gidajen Turai. Saboda haka a ganina ƙafafun kantar su kasance masu tauri, irin na ƙarfe da ake murɗawa a daidaita tsayinsu. Doguwar kanta a kan roba mai laushi lilo za ta riƙa yi, kuma akwai haɗarin kifewa a gidan da yara ke wasa. Ka sa kafinta ya buga filawud a bayanta domin ta daina karkata, ya huda masa ramuka na wayoyi da na iska.

Wurin da laushi ke da amfani shi ne ƙarƙashin garmaho. A yanko katako mai kauri da nauyi, a ɗora shi a kan ƙafafun roba uku ko huɗu, sannan a ɗora na'urar a bisansa. Abin da mutane suka fi kuskurewa a nan shi ne nauyi, domin roba ba ta hana girgiza sai nauyin da ke kanta ya ɗan danne ta. Idan ta yi tauri har ba ta lotsa ba, girgiza za ta ratsa ta kai tsaye. Idan kuma ta baje gaba ɗaya, ta daina aiki. Ka auna na'urar tare da katakon a sikeli, ka raba da yawan ƙafafun, ka nemi wadda aka yi domin wannan nauyin. Masu yin robar Sorbothane, wadda ta shahara a wannan aiki, suna sayar da ita bisa matakan tauri daban-daban saboda wannan dalili. Wanda bai samu ba, ƙwallon tanis da aka raba biyu yana iya wadatarwa. Ƙafafu masu tsini kuwa aikinsu kafe abu ne a wuri ɗaya, ba su raba shi da girgizar da ke ƙasa, duk da tsadar da ake ɗora musu. A ƙarshe a sa ma'aunin magina mai ruwa a ciki a tabbatar garmaho bai karkace ba.

Amfilifaya a mayar da ita hawan ƙasa saboda nauyinta. Idan mai tiransisto ce, girgiza ba ta dame ta ba sosai, abin da ya fi yi mata barazana shi ne zafin Maris zuwa Mayu da kan haura digiri 40, don haka a bar fili a samanta. Wannan zafin da bushewar hunturu suna sa roba mai arha ta taurare ta tsattsage, sai a riƙa duba ta kowace shekara.

Ga gwajin da zai nuna maka ko aiki ya yi. Ka ɗora allura a kan faifai ba tare da yana juyawa ba, ka ƙara murya sannu a hankali, ka ƙwanƙwasa kantar da yatsa, kafin gyara da bayansa. Idan kuwa akwai wani zuu da ba ya canzawa ko an taɓa kantar ko ba a taɓa ba, wannan daga lantarki ne mai juyi 50 a sakan, kuma wayar ƙasa ta garmaho, wato siririyar wayar nan da ke fitowa daban daga bayansa, za ka duba ko tana ɗaure a jikin amfilifaya.