Revive, revitalise ko rejuvenate: wacce ta dace da takardata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Mun shekara da shekaru ba mu zauna ba, yanzu an ɗora mini rubuta takardar gayyata da Turanci don a farfaɗo da ita. Na duba ƙamus na ga revive, revitalise, rejuvenate, resuscitate da invigorate, kuma duk ma'anarsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Kafin ka zaɓi kalma, fara duba halin da ƙungiyar take ciki. Suma ta yi, ko tsufa, ko gajiya ce kawai? Kowace kalma a cikin waɗannan da irin majinyacin da take yi wa magani, kuma ƙamus ba ya cika bayyana wannan.

Wadda ta dace da kai ita ce revive. Asalinta Latin ne: vivere na nufin rayuwa, shi kuma re da ke gaba yana nufin sakewa. Ta hanyar Faransanci ta shigo, cikin ɗimbin kalmomin da suka riƙa kwarara zuwa Turanci a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normawa, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi. Ana amfani da ita ga abin da ya tsaya cik ko aka daina yi, sannan aka dawo da shi: al'ada, sana'a, taro, har da mutumin da ya suma. Ita ce ta fi kusa da farfaɗowa a Hausa. Tana kuma da wani sauƙi, domin tana iya tsayawa ba tare da karɓau ba, wato abin da aikin ya faɗa wa. Za ka iya cewa the patient revived, wato maras lafiya ya farfaɗo, amma ba a cewa the market invigorated. Sunan aikinta revival ne, kada ka rubuta revivement, babu shi a Turancin da ake amfani da shi yau.

Revitalise kuwa daga vita take, wato rai, tushen da masanin kimiyya Casimir Funk ya ɗauko a 1912 ya ƙirƙiri kalmar da ta zama bitamin. Abin da ake yi wa revitalise bai tsaya ba, yana nan yana jan ƙafa, kamar kasuwar da ciniki ya ja baya a cikinta ko tattalin arzikin da ake son tayar da komaɗarsa. Da kuna zama amma mutum biyar ke zuwa, da ita zan ba ka. Amurkawa da z suke rubuta ta, a Najeriya an fi bin rubutun Ingila da s. Ka riƙe ɗaya daga farkon takarda har ƙarshe.

Ina so in ɗan tsaya a kan resuscitate, saboda jaridunmu sun ƙwallafa rai a kanta. Kullum za ka ga an ce gwamnati za ta yi resuscitate ɗin kamfanin ƙarafa na Ajaokuta ko masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki tun 1957. Kalmar asibiti ce, ita ce harafin R na ƙarshen CPR, dannar ƙirjin da ake yi wa wanda numfashinsa ya ɗauke. Ga masaƙar da injinanta suka yi tsatsa ta yi daidai. Ga ƙungiyar da mambobinta ke raye, suna gaisawa a wajen biki da jana'iza, ta yi nauyi, kuma tsofaffin shugabanninku za su iya jin kamar ka ce a hannunsu ta kusa cikawa. Resurrect ta fi ta nauyi ma, don ita ta matacce ce da aka binne. Da resurrection Kiristoci ke faɗin tashin Almasihu, masu fassara Alƙur'ani kuma suna kiran Ranar Ƙiyama da Day of Resurrection. Ni dai ba na son a riƙa jefa ta ko'ina.

Rejuvenate daga juvenis take, matashi. Mayar da tsohuwa yarinya ke nan. Idan nufinku jawo waɗanda suka gama kwanan nan ne su karɓi ragama, ita ce kalmar. Invigorate ƙara kuzari ce kawai, ba sai abu ya lalace ba, kamar yadda wankan ruwan sanyi ke wartsakar da jiki.

Don haka a takardarka rubuta: We are meeting to revive our association. Idan kana son ka nuna za a shigo da matasa, sai ka ƙara da and rejuvenate its leadership. Kada ka jera revive, revitalise da rejuvenate duka a jimla ɗaya don burge mai karatu, domin kowace tana faɗin wani hali dabam da ƙungiyar take ciki. Allah Ya sa taron ya yi albarka.