Amsa ga mai tambaya: wai Amurka ce ta rusa Tarayyar Sobiyet?

Salam ɗan'uwa. Ka tambaya shin Amurka ce ta rusa Tarayyar Sobiyet, na ga har wasu sun yi caa suna cewa eh. To ni dai ban yarda ba, domin ina cikin waɗanda suka je karatu can da sukolashif a ƙarshen shekarun 1980, a Kharkov muke, cikin Yukren ta yanzu.

Eh Amurka ta takura musu, gasar makamai ta ci kuɗi, ga yaƙin Afganistan daga 1979 har 1989, ga farashin mai ya faɗi warwas a 1986, shekarar da tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi bindiga kenan. Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsalar daga cikin gida take. Komai na gwamnati ne, wata hukuma Gosplan a Mosko ita ke yanke takalmi nawa za a ɗinka, ƙarfe nawa za a narka, manajan masana'anta kuma in bai cika adadi ba sai ya cika a takarda, na sama da shi ma ya ƙara tasa ƙaryar. Ƙasar da ta fara tura mutum sararin samaniya a 1961, amma wallahi sukari da sabulu sai da kati muke saya, ka ga tsohuwa da ƴar jakar raga cikin dusar ƙanƙara, da ta hango layi sai ta bi tukuna sannan ta tambayi na gabanta me ake sayarwa.

Kada in zalunce su, karatu kyauta, asibiti kyauta, jirgin ƙarƙashin ƙasa kopek 5 kacal (kopek shi ne kwabonsu), har yau ina gode musu.

Gorbachev da ya hau mulkin Tarayyar a 1985 gyara ya so yi, sai ya buɗe wa mutane baki kafin ya cika musu ciki, jaridu suka tono ta'asar zamanin Stalin, tsoron jam'iyyar kwaminis mai mulki ya fita a ran kowa, alhali ita ce ta ɗaure jamhuriyoyi 15 ɗin nan wuri guda. Lituweniya, ɗaya daga cikinsu, ta ce ta ɓalle tun Maris 1990. A Agustan 1991 ƴan mazan jiya na jam'iyya da hukumar leƙen asiri ta KGB suka yi yunƙurin juyin mulki, kwana 3 abin ya watse, Yeltsin shugaban jamhuriyar Rasha ya zama gwarzo. Ranar 8 ga Disamba shi da Kravchuk na Yukren da Shushkevich na Belarus suka zauna a wani daji suka sa hannu cewa Tarayya ta ƙare, 25 ga wata Gorbachev ya sauka. Duba sunayen nan da kyau, akwai Ba'amurke a ciki?

Abin da ya fi ci min rai talaka ne. Janairun 1992 gwamnati ta daina ƙayyade farashin kaya, matar da ke gadin ƙofar hostel ɗinmu kuɗin da ta tara shekara da shekaru don hidimar jana'izarta, kafin shekara ta zagayo ko rigar sanyi ba su iya saya mata ba.