Aikin gwada gem ba buga gem ba ne

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ya samu aikin gwada wasannin bidiyo a Kanada, yana ta murna wai za a riƙa biyansa yana buga gem, kana tambaya ko ya karɓa. Na yi aikin nan kusan shekara biyu a birnin Montreal na Kanada.

Ya cire maganar wasa daga ransa. Lungu ɗaya za a ba shi a gem ɗin da ba a gama haɗawa ba, ya wuni yana gwara mutumin cikin gem ɗin da bango ko zai ɓulle ta baya. Ni na taɓa cinye sati guda ina buɗe ƙofa ɗaya ina rufewa. In ya ci karo da matsala, sai ya yi ta maimaitawa har ya gano abin da ke jawo ta, ya ɗauki bidiyo, ya rubuta dalla-dalla a Jira, manhajar da ake shigar da rahoton matsaloli. Sau tari a mayar masa da rahoton a ce ba za a gyara ba, babu lokaci. Gem ya fito da matsalar, masu saye su hau zagin masu gwaji. Ga yarjejeniyar rufe baki. Ko matata ba ta san sunan abin da nake gwadawa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da matsalar kwantiragi. Yawancinmu wani kamfani ne ya ɗauke mu yana ba da hayarmu ga masu gem ɗin. Ranar fitarwa na matsowa, awa goma sha biyu ce har da Asabar. Ana fitarwa kuma, sai ka ji "zauna gida sai mun kira." Sau biyu aka yi mini haka, ga kuɗin haya na jira.

Irin wannan ne ya tunzura masu gwaji a Amurka. A Disambar 2021 aka sallami wasu a kamfanin Raven Software, masu aikin Call of Duty: Warzone, abokansu suka shiga yajin aiki, a Mayun 2022 suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago. A 2023 masu gwaji kimanin 300 na wani kamfanin gem, ZeniMax, suka bi sahu.

In ƙofar shiga harkar yake nema, ya karɓa. Amma kafin ya sa hannu ya tambaya: awa nawa aka tabbatar masa a sati, nawa ne kuɗin obataim, kuma sunansa zai fito a jerin waɗanda suka yi aikin? Da wannan jerin ake neman aiki na gaba. Da dare kuma ya riƙa koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. A cikinmu waɗanda suka iya rubuta gwajin da kwamfuta ke yi da kanta su aka fara ba aikin dindindin.