Tambayi Likita: Ɓari Ba Daga Mace Kaɗai Yake Ba

Likita, maniyyina yana da kauri da yawa. Wannan na nufin lafiyarsa ƙalau?

A'a. Ido ba ya ganin ƙwayoyin da ke ciki. Je asibiti a auna, bayan ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7.

Sau uku ina yin ɓari kafin ciki ya kai wata uku. Dangin miji sun ce mahaifata ce ba ta riƙo, shi kuma ya ce tunda ciki na shiga, ba shi da matsala.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Maganar maigida ba haka take ba. Kowace ƙwayar maniyyi tana ɗauke da kuromosom 23, wato rabin gadon halittar yaro, a naɗe tamau cikin wani sinadari mai suna furotamin. Idan namiji ya gaji tawaya a wannan naɗi, saƙon gadon yakan tsittsinke, amma ƙwayar ta yi iyo ta shiga ƙwan mace kamar lafiyayya. A kwana biyun farko bayan haɗuwarsu ƙwan uwa ne ke tafiyar da komai. Wajen kwana na 3 gadon uba yake fara aiki, idan a tsittsinke yake sai girman ɗan tayin ya tsaya, ko cikin ya kama ya zube daga baya.

Akwai kuma mazan da wani yanki na kuromosom ɗinsu ya sauya wuri da wani. Su garau suke, amma maniyyinsu yakan fita da ragi ko ƙari a kuromosom ɗin. Awon maniyyi na yau da kullum ba ya gano ko ɗaya. Ana buƙatar awon kuromosom a jinin ku biyun, da awon tsinkewar DNA, wato saƙon gadon, a maniyyi. Sigari, ɗumamar maraina da kumburin jijiyoyinsu suna ƙara ɓarnar, kuma su ana iya gyara su. Sai dai sabon maniyyi yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya nuna. Ku je asibitin koyarwa tare, ba ke kaɗai ba. Idan kika ga jini da ciki, kada ki kwana a gida.

Abokina ya ba ni shawarar allurar testosterone da maganin maza na kasuwa.

Haba malam! Allurar nan ta sinadarin maza tsayar da yin maniyyi take yi, wani har ya koma babu ƙwaya ko ɗaya. Garin maganin da ake tallarsa a mota da lasifika kuwa, wa ya san abin da aka zuba ciki? Babu jiƙon da ke gyara gado. Idan ka riga ka fara, ga likitan mafitsara a wannan makon.