Amsar waya ta saɓa da ta takarda a lissafin kwadratik

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aboabo, nan Kumasi, ina shirin jarrabawar WASSCE, kuma ina koyon Python, wato yaren rubuta wa kwamfuta umarni, a wayata da manhajar Pydroid 3. Na rubuta umarnin warware lissafin kwadratik, wato mai siffar ax² + bx + c = 0, ya ba ni 3 da 2 daidai a kan x² − 5x + 6 = 0, amma da na saka 2x² − 7x + 3 = 0 sai ya ba ni 12 da 2. Layin da na rubuta shi ne (-b + r) / 2*a, inda r yake nufin square root na b² − 4ac. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wayarka lafiya lau take, kuskuren yana ƙarshen layin. Python tana ɗaukar rabawa da ninkawa a matsayi ɗaya, tana bin su daga hagu zuwa dama, saboda haka ta raba -b + r, wato 7 + 5 = 12, gida biyu ta samu 6, sannan ta ninka da a, wato 2, ta koma 12. Abin da kake nufi shi ne a raba da 2a gaba ɗayansa, don haka sai ka kewaye shi da baka biyu: (-b + r) / (2*a). Da zarar ka gyara layukan biyu, wato na -b + r da na -b - r, za ka ga 3 da 0.5.

Dalilin da ya sa lissafin farko ya ɓoye maka wannan aibi shi ne a ɗinsa 1 ne, kuma ko ka ninka da 1 ko ka raba da shi, adadi ba ya canjawa. Wannan ne ya sa nake ƙarfafa wa masu koyo su riƙa gwaji da lissafin da suka riga suka warware da biro a takarda, wanda a ɗinsa ba 1 ba ne.

Akwai wasu ramuka biyu a gabanka. Idan b² − 4ac ya gaza sifili, kamar a x² + x + 1 = 0 inda yake −3, math.sqrt, umarnin da ke fitar da square root, zai tsayar da aikin da saƙon ValueError, don haka ka sa sharaɗin if ya duba adadin tukuna, ko ka yi amfani da cmath, sashen Python da ke iya fitar da square root na adadin da ya gaza sifili. Haka kuma idan wani ya shigar da sifili a gurbin a, lissafin ya tashi daga kwadratik, kuma rabawa da sifili za ta jawo ZeroDivisionError, saboda haka wannan binciken ya kamata ya zo a layin farko bayan karɓar lambobin.