Ƙanena, ka fara karanta aya ta goma

Ƙanena,

Saƙonka ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aikin dare, shi ya sa ka ga na buɗe ban amsa ba. Da na ce maka ban yi fushi ba, amma ƙarya ce, na ɗan yi. Kai ne mutum na tara da ya tambaye ni hanyar zuwa Ingila tun shigowar wannan watan. Takwas ɗin na sallame su da "za mu yi magana". Kai kuwa nono ɗaya muka sha, dole in zauna in rubuta.

Ka ce ka gaji. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye maka wata takwas a Zariya, ka gama da ƙyar, ka yi bautar ƙasa, ga shi kusan shekara biyu kana koyarwa a makarantar kuɗi a Narayi da albashin da yake ƙarewa a kuɗin keke. Ka ce a kwanan addu'a wani baƙon mai wa'azi ya nuna ka da yatsa ya ce bana shekarar ƙetarewarka ce. Ka kawo mini Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ne ba na masifa ba. Daga nan sai ka sauko kan ainihin abin da ya kawo ka: in sa baki Mama ta sayar da filin Gonin Gora.

Ayar gaskiya ce, ni ma da ita na hau jirgi a Abuja. Amma ka ɗaga idonka layi ɗaya sama. Aya ta goma cewa ta yi sai shekara saba'in ta cika. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, mutanen da suka gaji kamar yadda ka gaji, suna jira a ce musu gobe za su fita. Akwai kuwa masu faɗa musu hakan. A sura ta 28 Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Ka san irin amin ɗin da aka yi ranar. Irmiya kuwa me ya rubuta? Ku gina gidaje, ku yi lambu ku ci amfaninsa, ku yi aure, ku roƙa wa garin da kuke ciki zaman lafiya. Yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar a can aka binne su, alkawarin kuma bai faɗi ƙasa ba. Ban ce mai wa'azinku Hananiya ne ba, ban san mutumin ba. Na dai lura cewa ya nuna ka ya karɓi baiko ya koma garinsu, kuɗin makarantar kuma ya bar wa Mama.

To, bari mu yi lissafi, tunda Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya ƙirga abin da za ta ci. Kafin a ba ka bizar karatu sai ka nuna kuɗin makarantar da ya rage, ka ƙara da kuɗin zama sama da fam dubu a kowane wata har na wata tara, su kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. Kuɗin bizar kanta ya haura fam 500. Kuɗin asibiti fam 776 ne a shekara ga ɗalibi, ana biya tun kana Kaduna. Ka buga wannan a naira ka gani ko filin zai kai. In ka iso, sa'a 20 kawai doka ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati ko na sisi. Yarinyar nan ta ƙungiyar mawaƙa da kake tsammani ban san labarinta ba, ko kun ɗaura aure ba za ta biyo ka ba, domin tun Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu irin na shiga aji kawo iyali. Ƙofar da yawancinmu muka raɓa muka tsaya, wato aikin kula da tsofaffi, an daina ɗauko mata ma'aikata daga waje tun Yulin 2025. Shekara biyun da ake ba mutum ya zauna ya yi aiki bayan ya gama karatu ma gwamnati ta ce za ta mai da ita wata 18. Ingilar da na shigo a Janairun 2023 ba ita ce za ka tarar ba.

Ita ma wadda na tarar ɗin sai da ta kusa kashe ni, kuma wannan ne ban taɓa faɗa muku ba.

Na zo da lissafi mai kyau. Na sayar da motata, na kwashe ajiyar shekara shida, na biya rabin kuɗin makaranta, sauran kuma suna banki a gida da niyyar in riƙa turawa kashi-kashi a farashin gwamnati, lokacin fam bai kai naira 600 ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira. Cikin 'yan kwanaki fam ya doshi dubu, kafin Fabrairun 2024 ya wuce 1,800. Kuɗin da na ajiye suna nan yadda na bar su, ko kwabo bai fita ba, amma sun zama ba su kai rabin bashin ba. Babu ɓarawon da zan kama. Sai imel ya fara zuwa daga makaranta, cikin ladabin nan nasu mai sanyi kamar ruwan randa, har ranar da na buɗe kwamfuta na ga an rufe mini shafin karatu, tare da gargaɗin cewa in ban biya ba za su sanar da hukumar shige da fice.

Lokacin ina aiki a gidan tsofaffi dare biyu a mako. Ni da nake da tebur da kujera mai juyawa a Barnawa, ni ne nake canza wa dattijo famfas ƙarfe uku na dare, in goge masa jiki, shi kuma yana ture hannuna yana kiran matarsa da ta rasu tun tuni. Aikin bai dame ni ba kamar yadda za ka zata, ai mun yi wa Kaka haka. Abin da ya karya ni shi ne duhu. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ka fito daga aiki cikin duhu, ka yi barci, ka farka cikin duhu. Ɗakina ɗan tsukut ne a gidan haya na mutum biyar, ina kashe hita saboda kuɗin wuta, in kwanta da riguna uku da safa. Sai a yi kwana huɗu ba wanda ya kira sunana. A Sabon Tasha ko kai ka so a ƙyale ka ba za a ƙyale ka ba, daga mai shago sai maƙwabciya sai yaran layi. A nan maƙwabcinka zai yi maka murmushin rabin daƙiƙa ya rufe ƙofa.

A cikin wannan halin ne kuke aiko mini da saƙon kuɗin magani, kuɗin ankon biki, gudummawar ginin coci. Ban ga laifinku ba, hoton da na ɗauka a gaban jar bas kuka gani. Laifinmu ne mu da ke nan. Shaidar da muke aikowa a karanta ranar Lahadi rabin labari ce. Ba mai aiko da shaidar cewa ya yi kuka a bayan gida a wurin aiki.

Na daina addu'a. Wata biyu cur. Ban daina gaskata akwai Allah ba, fushi nake da shi irin fushin da yaro ke yi da ubansa, ya ƙi cin abinci. Ina cewa a raina: na yi zakka, na koyar a makarantar Lahadi shekara bakwai, ban sayi takardar bogi ba, ban yi wa ofishin jakadanci ƙarya ba, to wannan kuma na mene ne?

Cocin da ke bayan layinmu ba irin namu ba ne. Gini ne na dutse da zai ɗauki mutum ɗari huɗu, masu sujada ba su kai talatin ba, kusan duk masu furfura. Ba ganga, ba tulu, ba kacau-kacau ɗin Zumuntar Mata, sa'a ɗaya an tashi. Da farko raina su na yi, na ce wannan ai ikilisiya ce da ta mutu ba a binne ba. Ranar Alhamis kuma suna raba abinci kyauta ga marasa hali a ɗakin baya. Yunwa ce ta kai ni, ba ibada ba. Na tsaya a layi ina kallon takalmina, ina tuna yadda nake cikin masu raba wa gwauraye shinkafa da Kirsimeti a cocinmu, har da ɗaukar hoto. Wata tsohuwa da ta haura tamanin ta miƙo mini leda mai taliya da wake na gwangwani da madara. Ta dube ni ta ce yaushe rabona da barcin kirki. Ba ta buɗe mini aya ba, ba ta tambaye ni zunubin da na yi ba. Ta zaunar da ni kusa da hita, ta kawo shayi da burodi, ta koma kan aikinta. A kan kujerar nan barci ya kwashe ni sa'a biyu, na farka na tarar an lulluɓe ni da rigar sanyin wani.

Daga baya ne na koma 1 Sarakuna 19 na ga abin da nake tsallakewa tun ina yaro. Mu Iliya na Dutsen Karmel muke so, mai kiran wuta. Sura ɗaya bayan wutar, ga shi a jeji ƙarƙashin itace yana cewa ya isa haka, Ubangiji ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai tsawata masa kan ƙarancin bangaskiya ba. Ya tashe shi ya ba shi waina da tulun ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ce ya ci domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya ci sau biyu, ya yi tafiyar kwana 40, kafin a yi masa magana. Shi ya sa da ka rubuto "Yaya, kamar Allah ya manta da ni a Kaduna", ban ji tsoron ka ja da baya ba. Na san muryar. Amma ka sani wannan gajiyar ba ta tsayawa a filin jirgi, tare za ku sauka, kuma a nan babu Mama da za ta leƙo ta ce ka fito ga tuwo.

Bashin ba da mu'ujiza ya biyu ba, in dai mu'ujiza ita ce a wayi gari a ga kuɗi a asusu. Na je ofishin kuɗi na makaranta sau biyar ina roƙo har suka yarda su raba mini biyan. Da hutu ya zo, lokacin da doka ta yarda a yi cikakken aiki, na riƙa yin dare biyar a mako. Wasu 'yan'uwa huɗu, biyu daga Filato, ɗaya daga Kafanchan, ɗaya Bayarabe, muka kafa adashi suka ba ni ɗaukar farko. Na biya kowane fam. Na karɓi takardata. Yau ni ne shugaban masu aikin dare a gidan da na fara, su suka ɗauki nauyin bizata, ba wanda yake bina ko sisi a duniyar nan, kuma kwanon da ke kan ɗakin Mama da gumin nan aka saye shi. Ina alfahari da wannan, Allah ya gafarta mini in ya yi yawa. Takardar digirin dai tana cikin akwati, har yanzu ba ta yi aikin kwana ɗaya ba.

Lokacin rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 kai ba a haife ka ba, ni ina da wayo. Na tuna Mama ta goya yayarka, ta riƙe hannuna, muka bar gidanmu na Tudun Wada da kayan jikinmu muka ƙetare gada zuwa kudu. Bayan 'yan shekaru masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri ta tsaya, ya zauna gida har ciwo ya ɗauke shi. Da kaskon ƙosai a bakin titi matar nan ta kai mu uku jami'a, tana tashi ƙarfe huɗu ta kai niƙan wake, tana rera waƙar zumunta a hankali don kada ta tashe mu. Filin Gonin Gora adashin shekara tara ne. Shi kaɗai ne abin da ta mallaka da sunanta a duniya. Ba zan sa baki ba, in kuma na ji ka kai mata maganar a bayan idona, ni da kai ne.

Ban ce kada ka zo ba. Ka zo da kuɗin wani. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana biyan komai, tana neman wanda ya yi aiki na shekara biyu, kuma koyarwar nan da kake rainawa aiki ce. Sharaɗinta ka koma gida shekara biyu bayan ka gama. Akwai ta Commonwealth ma. Da wuya a samu, mai yiwuwa su ƙi ka bana su ƙi ka baɗi. Ka rubuta takardun ka turo mini, zan zauna a kansu ranar hutuna ko sau nawa ne. Kuɗin fasfo na kaina, zan turo ƙarshen wata.

Wani ɗan cocinmu zai taso nan da mako uku. Ka ce wa Mama ta haɗa mini kuka da daddawa da yaji, ta naɗe daddawar da leda uku, wancan karon duk kayan bawan Allah sai da suka ɗauki wari. Ka kira ni ranar Lahadi bayan sujada. Ƙarfe biyu naku, kafin nan ina barci.

Yayanka.